Yadda Aka Turo Kafin Tunau da Gwangwala

Tun kafin a haifi kakannin kakanninmu, a zamanin da giwaye ke gangarowa garke-garke su sha ruwa a bakin Tafkin Chadi babu mai korarsu, an yi wani maharbi ana ce masa Tunau. Ba mutumin ruwa ba ne. Daga yamma ya fito, daga wani garin tudu mai suna Kurnawa, inda rijiya ke kai gaba ashirin kafin guga ya jiƙe. Dogo ne, ba shi da yawan magana, yana da saurin fushi. Abin da ya fi kowa sani shi ne ƙasa. In ya durƙusa ya dubi sawu, sai ya gaya maka dabbar da ta wuce, da ranar da ta wuce, da ko tana da ciki. Shi ya sa maroƙa ke masa kirari suna cewa: "Tunau na Nomau, idon shaho! Ƙasa ba ta yi maka ƙarya. Gwanki ya kwana uku da wucewa, kai ka riga shi mashaya."

Aka yi fari shekara uku a jere. Rijiyoyin Kurnawa suka ƙafe. Mahaifin Tunau, tsoho Nomau, shi ne mai gari, kuma ƙafa ta riga ta gaza masa. Ya kira ɗansa ya miƙa masa wata 'yar tukunya da aka toshe bakinta da fata.

A wancan zamani ba a kafa gari sai da kafi. Kafi kuwa tukunya ce da ake zuba ƙasar tsohon gari a ciki, da wasu abubuwa da ba a faɗa, a binne a sabon wuri don ta tsare shi daga mahara da mugayen namun daji. Dokarta biyu ce. Sau ɗaya ake binne ta, in an tone ta, ta karye, mutanen garin kuma sun watse ke nan. Sannan inda take nan ne gari. Muddin ba ta ƙarƙashin ƙafar mutane, ba mai ɗora tubali, ba mai gina rumbu, ba mai haƙa rijiya.

Nomau ya ce, "Gida arba'in da ɗaya na bar maka. Ka nemo musu inda ruwa ba ya ƙarewa. Kada ka bari su watse."

Tunau ya ce, "To."

Yayarsa Gwamma, maginiyar tukwane, wadda ita ta gina tukunyar da hannunta, ta bi shi har bakin gari. Duk duniya ita kaɗai ba ta tsoron fushinsa, kuma ba ta taɓa kiransa da wani suna ba sai Auta. Ta ce, "Auta, ka riƙe ta da kyau. Ba ni da lakar yin wata."

Ya bi kogin Komadugu ya yi gabas, kwana ashirin da bakwai, har ranar da ya hau wani tudun rairayi ya tsaya. Lokacin sanyi ne, tafki ya cika ya batse. Ruwa ne iyakar ganinsa, babu ɗaya gaɓar. Ya tsuguna ya ɗanɗana, ya ji ba gishiri, ba kanwa. Tsofaffi sun ce kogin Shari ne ke cika shi daga kudu, ba kuma a taɓa ganin inda yake fita ba, sai dai ko ta ƙarƙashin ƙasa. Tsuntsayen ruwa, dinya da kirinjijiya, suka tashi har suka rufe rana. Kwasakwasa sun yi layi suna kora kifi. Dorina ta ɗago kai ta dube shi ta koma.

Tudun da yake tsaye a kai yashi ne fari, busasshe, da aduwa guda a tsaye. Mutumin da ya fito daga fari ba ya son ganin yashi. A gabansa kuwa ga wani fili ya miƙe cikin ruwa, kore shar, dogayen ciyayi sun kewaye shi, manne da gaɓa har ba ka ganin inda suka haɗu. Tunau ya taka da ƙafarsa ya shiga. Ya yi abin da ya saba yi: ya dubi sawu. Ga sawun wata irin barewa mai dogon kofato a buɗe, ga na kada, ga kashin dorina, ga 'yan itatuwa da sheƙar tsuntsu a kansu. Ya ce a ransa, inda dabba ta taka, ƙasa ce. Ya ji wurin yana ɗan lotsawa a ƙarƙashin ƙafarsa, ya ce dausayi ne. Ya haƙa kamu ɗaya, ya ga ƙasa baƙa ƙirin, ruwa na tsattsafowa. Murna ta kama shi, don a garinsu sai an yi wata uku ana haƙa kafin a ga haka. Nan ya binne tukunyar. Ya kafa icce mai rassa biyu, ya ɗaura ƙahon gwanki a kai. Ya fito ya yi wa aduwa sara uku da gatari, ya juya gida.

Ya tarar mahaifinsa ya rasu. Kafin a tattara tsofaffi da mata da awaki, a yi tafiyar da shi ya yi cikin kwana ashirin da bakwai, sanyi ya wuce, bazara ta wuce, iskar damina ta fara kaɗawa daga yamma. Duk hanya Tunau, da ba ya magana, sai da ya yi ta ba su labarin baƙar ƙasa.

Da hantsi suka iso. Ga tudu, ga aduwa, ga sara uku. A gaban aduwa kuwa babu komai sai ruwa, yana ta kaɗawa.

Tunau ya yi kudu da gudu, ya dawo. Ya yi arewa, ya dawo. Ya shafa saran da ke jikin aduwa. Mutane suka sauke kaya suka zuba masa ido.

Gwamma ta ce, "Auta, ina garin?"

"Nan yake."

"A cikin ruwan?"

"Na ce miki nan na bar shi, Yaya."

"To wa ya ɗauka?"

Tunau ya juya wajen tafki. Ya tuɓe ya shiga ruwa har wuya yana lalube da ƙafa, ko ruwa ne ya ƙaru ya rufe wurin. Ba abin da ya taka sai yashi.

Yana cikin wannan hali sai ga wasu shanu suna iyo, hanci a sama, da ƙahoni manya masu kumburi kamar goruna. A bayansu wata tsohuwa ce tsaye a kan jirgin da aka ɗaure da ciyawa, tana tuƙi da doguwar gwangwala. Sunanta Kellu, 'yar ƙabilar Buduma ce, mutanen tsibirai, kuma ta tsinci Hausa a bakin fataken kanwa.

Ta ce, "Ɗan tudu, me ka yar a ruwa?"

Tunau ya yi kamar ba zai faɗa ba, sannan ya faɗa. Kellu ta yi dariya har sai da ta zauna a kan jirginta.

Ta ce, "Ka soka sanda?"

"Wace sanda?"

Ta tuƙa zuwa wani ɗan koren fili da ke kusa, ta ɗaga gwangwala ta caka. Sandar ta shiga da ƙyar kamar kamu biyu, sai ta zurma sulub har rabinta. Ta zaro ta a jiƙe.

"Ka gani? Ba ƙasa ba ce. Saiwa ce da ruɓaɓɓiyar ciyawa suka saƙu kamar tabarma, suna yawo a kan ruwa. Iskar sanyi ce ta manna naka da gaɓa, iskar damina ta ɗauke shi. A wurinmu ko yarinya ba ta ajiye ƙwarya ba ta soka sanda ba."

"Na ga sawu a kai."

"Ai dabba ba gari za ta kafa ba."

Gwamma ta dubi ƙanenta ta ce a hankali, yadda kowa zai ji, "Ƙasa ba ta yi maka ƙarya, Auta. Ba ka dai tambaye ta ba."

Tunau ya haɗiye wannan. Ya tambayi Kellu yaushe tsibirin zai dawo. Ta ce in iskar sanyi ta ga dama za ta maido shi, a inda ta ga dama. Ta ce ya zauna ya jira. Tunau bai iya jira ba.

Mutanen Kurnawa suka kafa bukkoki a kan tudu. Ba mai ɗora tubali. Suka yi shuka a gefen ruwa, aka samu wake da dawa, amma babu rumbun zubawa, gara da ɓera suka ci rabi. Ruwan sama ya tsaga bukkoki. Sauro ya hana yara ƙiba. Kafin shekara ta zagayo gida tara sun ɗaure kaya sun yi kudu, ba su ko yi masa sallama ba.

Shi kuwa Tunau yana cikin tafki. Ya ɗaura jirgin ciyawa da hannunsa, na farko ya warware da shi a tsakiyar ruwa. Na biyu dorina ta kife shi, kwarinsa da kibau suka nutse. Tsarkiyar bakansa ta sha laima ta saki. Mutumin da ke bin gwanki kwana uku a guje, sai ga shi yana juyi wuri ɗaya kamar ƙwarya, matan Buduma na wucewa suna tambayarsa ko rawa yake koyo. Ya tarar tafkin ba zurfi gare shi ba, wuri da yawa gwangwala na taɓa ƙasa, amma faɗinsa ya wuce hankali. Hanyar da ya bi jiya cikin ciyawa yau ta rufe. Tsibiran da ke yawo kuma ba ɗaya ba ne, ba ɗari ba ne, kuma duk kamarsu ɗaya. Ya hau wannan ya sauka, ya hau wancan ya sauka, yana neman ƙahon gwanki. Wata rana ya kama giwan ruwa da ya kai tsawon mutum, ya jawo shi gida. Mutane suka ci suka ƙoshi, suka share baki, suka ce, "Ina kafi?"

Iskar sanyi ta zo, ta manna tsibirai da gaɓa, ba nasa a ciki. Damina ta biyu ta wuce. Gida goma sha ɗaya suka ƙara tashi. Saura ashirin da ɗaya. In ya dawo daga ruwa sai ya bi bayan bukkoki don kada a gaishe shi.

Sai ranar nan Kellu ta zo da kanta, ranta a ɓace. Ta tarar da shi yana gyaran jirgi.

"Ɗan tudu, me ka sa a cikin tukunyar nan taka?"

"Ba a faɗa."

"To ko mene ne, ya dame mu. Akwai wani tsibiri da ya tare mana mashigar da shanunmu ke bi zuwa kiwo. Ga ciyawa a kai har ƙugu, sun ƙi hawa. Ko sun zo kusa sai su juya. Kada ma ba ya shan rana a gefensa."

Tunau ya ajiye igiyar da ke hannunsa. Shekara biyu yana ɗaga kai yana neman ƙaho, bai tuna aikin kafi ba: ba ya barin namun daji ko baƙin dabbobi su kusanci gari. Abin da ya kamata ya nema shi ne tsibirin da ba sawu a kansa. Wannan kuwa aikinsa ne tun yana yaro. Ya ji haushin kansa har ya kasa yi wa tsohuwar godiya.

Tafiyar yini biyu ce a jirgi. Ya sauka a kai ya durƙusa. Ba kofato, ba jan cikin kada, ba kashin tsuntsu. Iccen mai rassa biyu ya faɗi, ciyawa ta rufe ƙahon, amma inda ya binne tukunyar ciyawa ta yi kewaye ta bar fili kamar faifai.

Ya zaci wahala ta ƙare. Ya murɗa igiyoyin kaba masu kauri, ya kafa turaku a ƙasan ruwa, ya ɗaure tsibirin ta kusurwa huɗu. Iska ta taso da la'asar, tsibirin ya tafi da igiya da turaku gaba ɗaya, da shi a kai. Ya ce to, tunda inda kafi yake nan ne gari, mutane su zo su zauna a kai. Ya ɗauko Gwamma da wasu magidanta su gani. Gwamma ta sauke turminta ta zuba dawa ta fara daka. Bugu na farko ƙasa ta girgiza. Bugu na biyar turmin ya nutse har baki. Na shida ya wuce, da dawa da komai, sai kumfa.

Ta tsaya da taɓarya a hannu. "Auta, a nan za mu binne matattunmu?"

Magidantan suka ce magana ta ƙare. Ko ya tone tukunyar a kai ta tudu a sake binnewa, ko kowa ya kama gabansa kafin shuka. Tunau ya ce doka ta hana. Suka ce doka ba ta san da ƙasa mai yawo ba. Gida huɗu ba su ma jira ba.

Kwana uku Tunau yana juya maganar a ransa. A rana ta huɗu da safe ya ɗauki fartanya ya nufi filin nan mai kamar faifai. Ya gaji. Ya ce a ransa ko ya tone ko bai tone ba watsewa za su yi, gara ya gwada. Yana isa ya tarar Gwamma zaune daram a wurin, ta miƙe ƙafa.

"Tashi, Yaya."

"Ba zan tashi ba."

"Ke ce kullum kike min dariya a kan tukunyar nan."

"Dariya na yi. Ban ce ka tone ba. Ni na gina ta, ina tsaye Baba ya rufe bakinta. Kai ka yi kuskure sau ɗaya, shekara biyu muna shan sa. Na biyun ba za mu iya sha ba."

"To me zan yi? In ɗauki tsibirin a ka?"

Kellu na gefe a kan jirginta tana jin su. Ta ce, "A ka ba zai ɗauku ba. Amma yana turuwa. Mu muna ture ƙanana in sun tare mana hanya. Wannan babba ne, ba mu taɓa gwadawa ba. In ruwa ya cika, iskar sanyi na bayanku, ku kawo duk mai hannu. Mu ma za mu kawo namu. Ba don kai ba, ɗan tudu. Don ka kwashe mana abinka daga hanyar shanu."

Tunau ya jefar da fartanya. Ya roƙi gida goma sha bakwai da suka rage su ba shi lokaci zuwa sanyi. Shi da bai taɓa roƙon kowa ba, sai da ya shiga bukka-bukka.

Da ruwa ya cika aka haɗu. Buduma suka kawo jirage talatin. Mutanen Kurnawa, maza da mata, kowa aka ba shi gwangwala. Wasu suka tsaya a gefen tsibirin suna dogara sanda a ƙasan ruwa, wasu suka kafa hancin jirage a bayansa. Tunau ya hau gaba ya nuna yamma, inda tudu da aduwa suke. Yanzu kam ya daina raina yashi. Duk nufinsa a manna tsibirin da gindin tudun nan, a gina gari a kan busasshen wuri, kafi na gefe.

Da farko ko motsi bai yi ba. Aka yi ta nishi har rana ta take. Sai aka ji ƙasa ta yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ciyayi suka rusuna, tsibirin ya taso. An ce a tafiyar nan dorinai sun buɗe hanya dama da hagu, ba wadda ta ɗago kai. Yini huɗu ana turawa, ana hutawa in rana ta faɗi. Hannaye suka yi kanta suka fashe. Matan Buduma na waƙa, matan Kurnawa na amsawa ba tare da sun san abin da ake cewa ba.

A yini na biyar aka hango aduwa. Tunau ya ga har saran gatarinsa, ko kuwa ya ce ya gani. Sai iska ta karkata. Tsibirin ya fara zamewa kudu. Ya yi ihu a tare, aka tare, sanduna suka lanƙwashe, uku suka karye. Tsibirin ya wuce tudu kamar bai san shi ba, ya yi ta tafiya har aduwa ta koma kamar tsinke, sannan ya hau wata shimfiɗar laka ya tsaya cak.

Wurin ba shi da kyan gani. Taɓo ne baƙi, da ramukan ƙafar dorina, da sauro ko da rana.

Tunau ya ce, "A tura!"

Aka tura. Bai motsa ba. Aka kwana biyu ana turawa. Kellu ta nuna masa jikin ciyawa, inda ruwa ya bar alama ɗan yatsa biyu sama da inda yake yanzu. Ruwa ya fara janyewa. Mutane suka ajiye sanduna ɗaya bayan ɗaya. Tunau shi kaɗai ya rage cikin taɓo har gwiwa, ya kafa kafaɗa yana tura tsibiri, jijiyoyin wuyansa sun miƙe, har gwangwalar ta tsage a hannunsa.

Gwamma ta karɓi sandar Kellu, ta je kusa da inda tukunyar take, ta caka. Sandar ta ratsa saiwa, ta ratsa laka, ta tsaya. Ta danna da ƙarfinta duka. Ba ta zurma ba. Ta zaro, ta dubi bakin sandar, ta ga yashi.

Ta ce, "Ƙasa ce."

Tunau ya ce, "Ba nan na zaɓa ba."

"Wanda ka zaɓa ai shi muka turo, Auta." Ta tsuguna ta ɗebi lakar ta murza a tafin hannu. "Wannan kuwa za ta yi tukunya."

A nan aka kafa gari da gida goma sha bakwai. Aka ɗebo yashi daga tudu a kan jakuna aka yi ta cikowa, shekara da shekaru, kafin bango ya tsaya. Da ruwa ya janye, lakar ta ba da wake da kabewa har rumbuna suka kasa ɗauka. Daga cikin waɗanda suka tafi, gida shida sun dawo. Sauran ba a sake jin labarinsu ba, kuma Tunau ya san sunan kowane ɗaya har ya mutu. Bai taɓa yabon garin ba. In baƙo ya ce wuri ya yi albarka, sai ya juya ya dubi arewa, wajen aduwa, ya yi tsaki. Maroƙa suka ƙara masa kirari: "Tunau na Nomau, mai jan ƙasa kamar akuya!" An ce ranar da ya fara jin wannan, sai da ya kori maroƙin har bakin ruwa.

Da ajalinsa ya matso, ya kira dattawa. Bai bar wasiyyar gona ko ta baka ba. Ya ce, "In kun haƙa min, ku soka sanda tukuna." Aka soka, ta tsaya, aka binne shi.

Garin shi ne Kafin Tunau. Har yau ba mai aza harsashin ɗaki, ko ya haƙa rijiya ko kabari, sai an kawo gwangwala an caka a wurin, babba ya tambaya, "Ƙasa ce?" a amsa masa, "Ƙasa ce." Baƙi na dariya, don wurin ya bushe tun tuni, sanda ko kamu ɗaya ba ta shiga. Duk shekara kuma in ruwa ya cika, samari da 'yan mata kan kasu gida biyu, kowane ɓangare ya yanki ɗan tsibirin ciyawa, a yi tseren turawa zuwa gaɓa ana kiɗa, jikokin Kellu na gefe a jiragensu suna yi musu tsiya. Wanda ya faɗa ruwa, Auta ake kiransa har shekara ta zagayo.

Tafkin yanzu ya ja baya. Daga ƙofar gari zuwa bakin ruwa tafiyar yini guda ce, masu tseren ma a ƙafa suke zuwa da sandunansu a kafaɗa. Garuruwan da ke kewaye duk sun tashi sun bi ruwa. Mutanen Kafin Tunau ba su tashi ba, kuma ba za su tashi ba. Tukunyar na nan inda ta tsaya, a tsakiyar gari, cikin wani fili mai faɗin faifai da ko akuya ba ta takawa.